Littafin lissafin da ya daina ƙirga a naira miliyan 21: nazarin manhajar wani gidan dillanci a Mile 12

Gidan dillancin da wannan nazari ya shafa yana kasuwar Mile 12 a Legas, kuma sana'arsa kayan gwari ce: tumatir, tattasai, attaruhu da albasa. Tumatir na tasowa daga Kadawa da Kura a jihar Kano da Ɗanja a Katsina, albasa kuma daga Aliero da Sakkwato. Mota ta ratsa Mokwa da Jebba da Ilori da Badun, ta iso cikin dare. Kafin asuba 'yan dako sun fara saukewa, masu saye sun yi cirko-cirko, yawancinsu matan Yarbawa da ke kai kaya ƙananan kasuwannin gari. Mai kayan yana can Arewa. Bai ga ciniki ba, bai san wanda ya saya ba. Abin da yake gani shi ne lissafin da dillali ya turo masa: kwando kaza aka sayar, kaza ya ruɓe a hanya, an cire kuɗin mota da na dako da la'ada, ga abin da ya rage. Dillalin da lissafinsa ya fara rawa, kakar gaba ba zai ga mota ba.

Mai gidan dattijo ne haifaffen Agege, kowa Alhaji yake ce masa. Tun kafin annobar korona ya yarda a ɗora lissafin a kan kwamfuta. Ba a rubuta manhajar daga tushe ba, harhaɗa ta aka yi. Littafin lissafin, wanda shi ne zuciyar abin, an saye shi daga hannun wani mai rubuta manhaja a Yaba da ya yi shi don kantunan magani da na kayan masarufi. Saƙon tes da ake tura wa masu kaya yana bi ta wani kamfani. Karɓar kuɗi ta banki yana bi ta wani kamfanin daban. Akwai sashen buga rasit da rahoto da aka ɗauko kyauta daga intanet, akwai manhajar waya ta Android da yaran Alhaji ke shigar da ƙirga da ita a gindin mota. Matasa biyu ne suka ɗinke su waje ɗaya, su ne kuma ke kula da su har yau, ɗaya ɗan Idi-Araba, ɗaya kuma 'yar Agege da ta fi shi daɗewa a aikin.

Wannan salon gini ba sabo ba ne. Tun a 1968, a taron da NATO ta shirya a Garmisch ta ƙasar Jamus, masanin manhaja Douglas McIlroy ya kawo shawarar a riƙa ƙera sassan manhaja ana ajiyewa, mai gini ya zaɓa ya haɗa. Yau kusan kowace manhaja haka ake yin ta, kuma da ba don haka ba, gida irin na Alhaji ba zai iya biyan kuɗin ta ba. Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci a rubuta shi shi ne, sassan nan duka mutane biyu ne ke riƙe da su, a kasuwa ɗaya, cikin shekaru ɗaya, guguwa ɗaya ta kaɗa su. Amma wani sashen an canja shi har sau biyu ba wanda ya ji, wani kuwa gyaran gurbi ɗaya a cikinsa ya hana gidan sakat kusan kaka guda.

Kwabo 47

Akwai tsohon magatakarda a gidan, ana ce masa Malam, wanda bai taɓa yarda ya ajiye littafinsa na takarda ba duk da tsiyar da yara ke yi masa. Shi ya fara gani. Wata safiya a 2024 yana duba takardar da kwamfuta ta buga ta bashin da masu kaya ke bin gidan, sai ya tarar da mutum uku, biyu masu albasa, ɗaya mai tumatir, kowanne yana bin naira 21,474,836.47.

Ya kai wa Alhaji takardar ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum uku ba sa bin mu kuɗi ɗaya har da kwabo. Kuma wannan kwabo 47 daga ina? Yaushe rabon da a ga kwabo a kasuwar nan?"

Duk wanda ya daɗe yana rubuta manhaja, da ya ga lambar zai gane ta. Sashen lissafin yana ajiye kuɗi ne da kwabo, ba da naira ba, kuma wannan dabara ce mai kyau, don kwamfuta ba ta iya riƙe ɓarin lamba daidai, in an yi ta tarawa sai kuskure ya taru. Amma gurbin da ya ware wa kuɗin a rumbun bayanai na bit 32 ne, wato wuri mai ɗaukar sifili ko ɗaya guda 32 a jere, kuma lamba mafi girma da irin wannan gurbi ke ɗauka ita ce 2,147,483,647. A mayar da ita naira, a raba da ɗari, ga abin da Malam ya gani a takarda. Rumbun kuma irin wanda ake kira MySQL ne. Idan an kunna masa tsauraran ƙa'idojinsa, ya kan ƙi lambar da ta fi ƙarfin gurbi, ya yi kuka. Idan ba a kunna ba, ba ya cewa uffan: sai ya datse ta, ya ajiye iyakar abin da gurbin zai ɗauka. Daga siga ta 5.7 ne aka mayar da tsaurin ya zama a kunne tun daga farko, sai dai sashen lissafin nan kashe shi yake yi da kansa duk lokacin da ya buɗe rumbun, watakila don a can baya ya riƙa ba mai shi ciwon kai.

Wanda ya rubuta sashen ba mahaukaci ba ne. Kantin magani a unguwa ba ya bin kowa miliyan 21, kuma lokacin da aka kawo sashen Mile 12 ma, da wuya bashin mai kaya ɗaya ya kai nan kafin a biya shi. Naira ce ta motsa daga ƙarƙashinsa. An janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka saki naira a kasuwar canji a watan Yuni, zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya haura kashi 40 cikin 100. Tirela ɗaya ko biyu na albasa da a da ba su isa ko kusa da bakin gurbin ba, yanzu sun tsallake shi.

Irin wannan ciwo yana da babban misali a tarihin sana'ar. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta daga Kourou a Kudancin Amurka. Kwamitin bincike ƙarƙashin Jacques-Louis Lions ya gano cewa an ɗauko manhajar auna motsi daga Ariane 4, wadda ta yi aiki lafiya shekara da shekaru. A cikinta akwai inda ake zuba lamba mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16, wanda ba ya wuce 32,767. A tsohuwar rokar lambar ba ta taɓa kaiwa nan ba. Sabuwar ta fi gudu a kwance, lambar ta cika gurbin ta tumbatsa. Sashen bai lalace ba, bai canja ba. Wurin da aka kai shi ne ya saɓa wa zaton da aka gina shi a kai, zaton kuma ba a rubuce yake a inda mai ɗauka zai gani ba. Takardar da ta zo da littafin lissafin Alhaji shafi biyu ce, duk bayanin yadda ake saka shi ne. Ba inda ta ce kuɗi yana da iyaka.

Gyaran minti biyar

A takarda maganin mai sauƙi ne: a faɗaɗa gurbin ya koma bit 64. Umarni ne layi ɗaya. Saurayin ya yi shi da daddare bayan an tashi kasuwa, ya sake lissafa ragowar mutum ukun daga ɗaiɗaikun cinikin da aka shigar, lambobi suka dawo daidai da littafin Malam.

Washegari da sassafe wani yaron Alhaji ya buɗe waya a gindin mota don ya nuna wa wakilin mai albasa abin da maigidansa ke bi. Wayar ta nuna lamba da alamar ragi a gabanta, ma'ana mai albasa ne ake bi bashi, miliyoyi. Wakilin bai tsaya jin bayani ba, ya buga waya Aliero. Kafin hantsi Alhaji yana ba da haƙuri ga mutumin da suka yi shekaru suna hulɗa.

Abin da ya faru shi ne, manhajar wayar da yaren kwamfuta na Java aka rubuta ta, ita ma a gurbi mai bit 32 take zuba kuɗin. Java ba ta datsewa kamar yadda rumbun ya yi. Idan aka tilasta babbar lamba cikin ƙaramin gurbi, zagayowa take yi ta faɗa ɓangaren ragi. Muddin rumbun yana datse lambar, wayar ba ta taɓa ganin abin da ya fi ƙarfinta ba. Kuskure ɗaya ne ke rufa wa ɗaya asiri. Sashen rasit ma ya bi sahu: faɗin wurin da ya ware wa jimla bai ɗauki lambar ba, sai ya buga ta da guntun kai.

A nan ne ainihin matsalar ta fito fili, kuma ba gurbin ba ne. Sashen lissafin bai zo da ƙofar da sauran sassa za su riƙa tambayarsa ba. Babu inda za a ce masa "nawa wane ke bi?" ya ba da amsa. Da matasan suka zo haɗa waya da rasit da saƙo, sai kowane sashe ya zura hannu kai tsaye cikin teburorin rumbunsa yana ɗiba, wasu ma suna rubutawa. Kowannensu ya haddace sunayen gurabe da girmansu da yadda aka jera su. Don haka duk wanda ya taɓa gurbi ɗaya, ya taɓa kowa, kuma babu takardar da ta lissafa su waye kowan. Sai da aka bi kod ɗin gidan, wato rubutun umarnin manhajar, gaba ɗaya ana neman sunan teburin, aka yi ta tsintarsa a wuraren da su kansu waɗanda suka rubuta sun manta.

Masanin manhaja David Parnas ya yi gargaɗi a kan wannan tun 1972. Ya ce idan za a yanka manhaja sassa-sassa, kada a yanka bisa jerin matakan aiki. A duba shawarar da ake jin za ta iya canjawa nan gaba, a ɓoye ta cikin sashe ɗaya, sauran su san ƙofarsa kawai. Girman gurbin kuɗi shawara ce irin wannan. Da a ɓoye take, gyaran da gaske na minti biyar ne.

Sai kuma kulle. Mai sashen ya juya kod ɗinsa ta yadda kwamfuta za ta gudanar da shi amma mutum ba zai iya karantawa ba, don kada a kwafa a sayar. Haƙƙinsa ne. Amma yanzu ba wanda zai iya buɗewa ya duba ko akwai wata iyakar a ciki, ko wani wurin da yake tara kuɗi a ƙaramin gurbi. Lambarsa ba ta shiga, an ce ya bar ƙasar. Yarjejeniyar da aka yi da shi rasit ce da hirar WhatsApp. Kullen kuma an yi shi ne don yaren kwamfuta na PHP, siga ta 5.6, wadda masu ita suka daina yi mata gyaran tsaro a ƙarshen 2018. Sashen ba ya tashi a kan sabuwar siga, saboda haka sabar gidan, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, gaba ɗaya ta tsaya a 5.6, duk wani sashe da ke zaune tare da shi ya tsaya. Lokacin da kamfanin karɓar kuɗi ya fitar da sabon kunshin kod da ke buƙatar sabuwar PHP, ba a iya ɗauka ba, sai faci aka yi ta yi wa tsohon.

Sashen da bai ba kowa wahala ba

Da a ce kullen ne kaɗai laifin, da sashen saƙon tes ya fi kowa ba da wahala, don shi ba a ma taɓa ganin cikinsa ba, yana can a kwamfutocin wani kamfani. Amma shi ne aka canja sau biyu, sau ɗaya don tsada, sau ɗaya don saƙo ya daina isa ga masu kayan da suka tura wa 2442 suka rufe layinsu daga tallace-tallace. Duka biyun ba wanda ya lura a kasuwa.

Dalili kuwa, ranar da budurwar ta haɗa shi, ba ta bar kowa ya yi magana da kamfanin kai tsaye ba. Ta rubuta wani ɗan sashe da bai fi shafi biyu ba, mai ƙofa ɗaya: ka ba shi lambar waya da saƙo, ya ce maka ya tafi ko bai tafi ba. Sunan kamfanin, mabuɗinsa, yadda yake son a rubuta lamba da 234 a gaba ko da sifili, duk a bayan wannan ƙofa suke. Ta kuma yi masa na bogi da ba ya tura komai, sai dai ya rubuta a fayil, don a riƙa gwaji ba tare da an ƙona kuɗi ko an tayar da wani Alhaji a Ɗanja da tsakar dare ba. Makanike a kasuwar kayan mota ta Ladipo yana canja batirin mota cikin 'yan mintuna ba tare da ya san abin da ke cikin batirin ba, don kai biyu gare shi kuma kowa ya san wanne ne wanne. Littafin lissafin kuwa kamar wanda aka yi wa walda da jikin mota ne.

Amfanin wannan ƙofa ya sake fitowa a wani lamari da Bahaushe ne kaɗai zai faɗa cikinsa. Wani ɗan Alhaji da ya yi karatun Hausa ya ga saƙon da ake turawa yana cewa "kudin kaya" da "kwando dari", abin ya dame shi, ya gyara rubutun ya sa ɗ da ƙ inda suka dace, ya kuma sa alamar ₦ a madadin harafin N. Ƙarshen wata kuɗin saƙo ya ninka har ya wuce. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne idan duk haruffan suna cikin jerin GSM na asali. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa ciki, alamar naira ma ba ta ciki. Da ɗaya daga cikinsu ya shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, in kuma ya yi tsawo aka yanka shi, kowane yanki 67 yake ɗauka. Saƙo mai harafi 140 da a da kuɗin ɗaya ake biya, ya koma uku. Budurwar ta gano abin da yamma ɗaya, ta sa ƙofar ta riƙa miƙe haruffan daidai lokacin fita, rumbun kuma ya ci gaba da ajiye sunaye da rubutunsu na gaskiya. Ni dai ban ji daɗin ganin an sake cire wa Hausa ƙugiyoyinta don tsimin kuɗi ba, amma gyaran a wuri ɗaya aka yi shi, kuma ranar da aka koma tura saƙon ta wata hanya da ba ta da wannan iyaka, layi ɗaya za a goge.

Inda sassa biyu masu lafiya suka ƙi jituwa

Sashen karɓar kuɗi yana tsakiya. Kamfanin yana da cikakken bayani a rubuce, yana sa wa sigoginsa lamba, yana da filin gwaji. Ba a dame shi sosai ba sai da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000. Sabbin suka fito a Disambar 2022, aka sa wa'adin ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a farkon Maris na 2023. Kasuwar da ta saba da tsabar kuɗi a leda ta koma tiransifa cikin 'yan makonni, tumatir kuma ba ya jiran netwok.

A wannan lokaci aka fara ganin wasu masu saye an cire musu bashi sau biyu a kan biya ɗaya. Takardar kamfanin ta faɗa ƙarara cewa sanarwar shigar kuɗi tana iya zuwa fiye da sau ɗaya, don idan ya turo bai ji amsa da wuri ba sai ya sake turowa, kuma kowace sanarwa tana ɗauke da lambar shaida da za a gane maimaici da ita. Littafin lissafin kuwa an gina shi ne a kan cewa mutum ne zaune a kanti yana shigar da kuɗi da hannu, sau ɗaya. Ba shi da gurbin lambar shaida, ba shi da hanyar ƙin maimaici. Kowannensu daidai yake a gidansu. David Garlan da abokan aikinsa a jami'ar Carnegie Mellon sun rubuta a kan irin wannan a 1995, bayan sun sha wuya wajen haɗa sassan da kowanne ke aiki lafiya shi kaɗai: abin da ke karo shi ne zaton da kowane sashe ya yi game da maƙwabtansa. An toshe wannan da ɗan tebur a gefe da ke riƙe lambobin shaidar da aka riga aka gani. Wani hannun ke nan da aka ƙara zurawa cikin rumbun.

Sauran biyun ba sa buƙatar dogon bayani. Sashen rasit kyauta ne, amma ya jawo wasu kunshin kod masu yawa a bayansa, waɗanda ba wanda ya zaɓe su. Da aka bankaɗo ɓarakar tsaro a wani kunshin kod mai suna Log4j a Disambar 2021, kamfanin da ke ba su hayar sabar ya turo tambaya ko suna amfani da shi, ba wanda ya iya amsawa sai da aka tona. Yana ciki, hawa biyu a ƙasa. Akwai kuma wani fayil da matasan ke jefa duk abin da bai da gida: lissafin la'ada, tsara kwanan wata, tantance lambar waya. Shi ne ya riƙa ƙin lambobin da suka fara da 091 yana cewa ba na Najeriya ba ne, kuma da yake kowane sashe yana jingine da shi, ba a son taɓa shi ko don wannan.

Ma'aunin ISO/IEC 25010 na 2011 ya kasa sauƙin gyaran manhaja gida biyar: rabuwar sassa, sake amfani da su, sauƙin gano inda ciwo yake, sauƙin canjawa, da sauƙin gwaji. Littafin lissafin ya ci jarrabawar sake amfani, tun da daga kantin magani aka ɗauko shi ya yi shekaru yana aiki, kuma ita kaɗai ce ake gani ranar ciniki. Sauran huɗun ba sa nuna kansu sai ranar da aka zo gyara.

Gardamar da aka yi, da abin da aka zaɓa

Saurayin ya so a rushe komai a sake gini, a yanka manhajar ƙananan sassa da yawa, kowanne da sabarsa da rumbunsa, yadda manyan kamfanoni ke yi. Da aka nemi ra'ayina ban goyi bayansa ba. Mutum biyu ne ke riƙe da gidan, hayar sabar da dala ake biya, dalar kuma kowa ya ga inda ta kai. Yawan sassa ba shi ne rabuwar sassa ba. Guda goma sha biyar da suka san sirrin juna sun fi guda biyar wuyar sha'ani, don yanzu sai ka bi ciwon ta cikin netwok. Ban da haka, ba wanda ya san duk abin da tsohon littafin ke yi, to me za a kwaikwaya?

Alhaji ya saurari kowa, sannan ya juya ga budurwar ya ce, "'Yata, ni ban san kwamfuta ba. Abu ɗaya nake so: kada a sake kira na daga Aliero."

Ta ce, "Baba, in kun ba mu damina, za mu yi shi a hankali ba tare da an rufe ko kwana ɗaya ba."

Damina ta zaɓa don lokacin ne tumatirin noman rani ke ja baya, motoci su ragu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka fara yi shi ne gina wa tsohon littafin ƙofar da bai zo da ita ba: ɗan sashe a gabansa mai amsa tambayoyi kaɗan, nawa wane ke bi, shigar da ciniki, shigar da biya tare da lambar shaida, fito da tarihin mai kaya. An rubuta a jikin ƙofar cewa kuɗi da kwabo ne, gurbinsa bit 64 ne, abin da ya saɓa wa haka a ƙi shi da babbar murya, kada a datse. Daga nan aka riƙa cire hannun sassan daga rumbun ɗaya bayan ɗaya ana mayar da su ta ƙofar, rasit da farko don shi karatu kawai yake yi, waya daga ƙarshe. Da aka gama, aka canja kalmar sirrin rumbun, don duk wanda aka manta da shi ya yi kuka a gan shi. Biyu sun yi.

Sai a lokacin aka rubuta sabon littafin lissafi, ƙarami, wanda gidan ke da kod ɗinsa. An bar shi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsohon: duk ciniki ya shiga duka biyun, da daddare a gwada ragowarsu. Littafin Malam na takarda shi ya zama alƙali, daga cikinsa aka ɗebo tsofaffin ciniki masu wuya, motar da rabinta ya ruɓe, mai sayen da ya biya kashi uku, aka mayar da su gwaje-gwajen da kwamfuta ke maimaitawa duk lokacin da aka taɓa kod.

Gwadawar daren ta fito da abin da ba wanda ya sani. Kullum sai a sami bambancin 'yan nairori tsakanin littattafan biyu a kan la'ada. Da aka bi diddigi, tsohon yana lissafa la'adar kowane layin ciniki ne daban, ya zubar da ɓarin, sannan ya tara. Sabon kuwa yana tarawa ne tukuna, ya cire la'ada a kan jimla. Na sabon ya fi daidai a ilimin lissafi, kuma ya ɗan fi ba gidan riba. Alhaji ya ce a bi na tsohon, don shi masu kaya suka saba gani shekara da shekaru, kuma ba zai yarda a ce ya canja kwamfuta la'adarsa ta ƙaru ba, ko da naira biyar ce. Aka rubuta ƙa'idar a takardar sashen, aka yi mata gwajinta, aka kwashe lissafin la'adar daga fayil ɗin tarkace aka kai shi can.

An kashe tsohon littafin kafin sabon tumatir ya fara sauka, sabar ta koma sabuwar PHP a makon da ya biyo baya. Ragowar masu kaya duk an sake gina su daga ɗaiɗaikun ciniki, ban da 'yan wurare da ciniki guda ɗaya shi kansa ya wuce iyakar aka datse shi tun a shigarwa. Waɗannan sai da aka nemo takardun lodi da bayanan banki, ɗaya har yanzu ana jiran mai kayan ya kawo nasa rasit. Manhajar waya kuma ba ta gama warkewa ba. Ba ta kan Play Store, ta WhatsApp ake tura wa yara fayil ɗinta, kuma wasu na riƙe da tsohuwar siga a wayoyin da ba su da wurin ɗaukar sabuwa. A yanzu ƙofar tana tambayar kowace waya sigarta, in tsohuwa ce ta ƙi nuna mata kuɗi, ta bar ta da ƙirgar kwanduna kawai, har Alhaji ya yanke shawarar ko zai saya musu wayoyi ko a'a.